Dogon Kano zuwa Maraɗi: Yaushe za mu ga hoton jirgin kaya?

Tun daga ranar 9 ga Fabrairun 2021 da tsohon Shugaban Ƙasa marigayi Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, babu abin da jama'ar ƙasashen biyu suka samu a wadace kamar hotuna. Mun ga hoton manya sanye da hular kwano suna nuna wani wuri da yatsa, mun ga na katafila tana ture ƙasa, mun ga na ƙarafan dogo an jibge, mun ga na gadoji. Duk lokacin da wani babban jami'i ya kai ziyarar gani da ido sai hotunan su ƙaru. Hoto ɗaya ne har zuwa ƙarshen 2025 babu wanda ya ɗauka, wato na jirgin kaya da taragunsa cike da wake ko shanu ko siminti yana tsallaka iyaka a Jibiya, a ranar da babu biki, babu minista, babu maroƙa.

Kada mai karatu ya ɗauka maganar hoto wasa ce. A ƙasashen Turai akwai mutanen da abin sha'awarsu ke nan, su tsaya a gefen layin dogo da kyamara suna ɗaukar hoton jiragen kaya, suna rubuta lambar kan jirgi da lokacin da ya wuce da yawan taragun da yake ja. Ɗaya daga wuraren da suke zuwa shi ne kusa da bakin ramin nan da aka haƙa a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, wanda aka buɗe a 1994, mai tsawon kilomita 50. A idon Bahaushe wannan aikin marasa aikin yi ne, amma yana da wani amfani da ba su nufa ba: idan hukuma ta ce jirage na tafiya, akwai mutanen gari da ke da shaidar ko suna tafiyar ko ba sa yi.

Shi kansa wannan rami akwai darasi a cikinsa ga mu da ke jiran dogon Maraɗi. Lokacin da aka gina shi an yi hasashen jiragen kaya za su riƙa ratsa shi da tan miliyoyi masu yawa kowace shekara. Abin da suka fi ɗauka shi ne kimanin tan miliyan 3 a 1998, daga nan abin ya yi ta ja baya har ya koma tan miliyan ɗaya da 'yan kai. Ramin bai rushe ba, ƙarfen dogon ma lafiyarsa ƙalau. Tsadar kuɗin wucewa, da yawan bincike, da rashin jituwar tsarin jiragen ƙasashen biyu su suka kori 'yan kasuwa. Sannan a 2001 da 2002, sa'ad da bakin haure da ke sansanin Sangatte kusa da Calais suka riƙa maƙalewa a jikin taragu don shiga Ingila, sai aka rage yawan jiragen kayan, masu kaya da dama suka koma wa manyan motoci, ba su kuma dawo ba. To idan haka ta faru tsakanin ƙasashe biyu masu arziki da ke zaman lafiya da juna, ina ga namu?

Bari mu tuna wa mai karatu yadda aikin yake a takarda. A watan Satumban 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayyar Najeriya ta amince da kwangilar a kan Dalar Amurka biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Tsawon layin kilomita 284 ne, zai tashi daga Kano ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, da reshe guda daga Kano zuwa Dutse. An ce za a gama cikin kimanin shekara uku, wa'adin kuwa ya daɗe da wucewa. Lokacin da 'yan Kudu suka yi ca a kan cewa Buhari zai kashe kuɗin Najeriya a ƙasar 'yan uwansa, Ministan Sufuri na wancan lokaci Rotimi Amaechi ya kare aikin da hujja guda, cewa Nijar ba ta da teku, kayanta ta Kwatano da Lome da Abijan suke shiga, kuma da wannan layi Najeriya za ta janyo cinikin zuwa tashoshin jiragen ruwan Legas. Hujja ce mai kyau, kuma ita ce ma'aunin da ya kamata a auna aikin da shi. Ba don fasinja aka ce an yi shi ba, don kaya ne.

Mutanen Nijar sun fi kowa sanin bambancin hoton jirgi da jirgi. A watan Afrilun 2014 aka yi gagarumin biki a Yamai na fara aikin dogon da kamfanin Bolloré na Faransa ya ɗauka, aka buɗe tashar jirgi a babban birnin. A watan Janairun 2016, ana saura 'yan makonni a yi zaɓe, Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe layin Yamai zuwa Doso mai kimanin kilomita 140. Hotunan sun zaga duniya, ga jirgi ga tuta ga jama'a suna tafi. Manufar ita ce layin ya wuce Gaya ya haɗu da na Benin da ya tsaya a Paraku, kilomita 438 daga Kwatano. Sai shari'a ta ɓarke a kotunan Benin tsakanin kamfanin da attajirin nan Samuel Dossou, wanda ya ce shi aka fara bai wa aikin, kotu kuma ta ba shi gaskiya. Aiki ya tsaya cak. Layin Doso ya zama hanyar da ba ta fito daga ko'ina ba, ba ta kuma kai ko'ina, bai taɓa zama hanyar fatauci ba. Wanda duk ya ga wannan ba za a zarge shi ba idan ya ce sai ya gani a ƙasa.

Hasali ma jiran ya girmi Jamhuriyar kanta. Layin da Faransawa suka fara daga Abijan sunan Abijan-Neja suka ba shi, ya isa Wagadugu a 1954, bai shigo Nijar ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwar jiragen ƙasa ta Dahomey da Nijar, aka shafe shekaru da dama Nijar tana da hannun jari a kamfanin jirgin ƙasa ba ta da ko taku ɗaya na dogo a ƙasarta. Ta ɓangaren Najeriya kuwa, dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, duka biyun suka tsaya suna hangen iyaka daga nesa. Turawan Ingila ba su ga dalilin ƙarasawa ƙasar Faransa ba, Faransawa kuma ba su so arzikinsu ya riƙa bi ta hannun Ingila.

Duk da haka dogon Kano ya yi wa ƙasar Maraɗi da Tasawa da Damagaram aiki. Gyaɗar da manoman yankin suka noma a zamanin mulkin mallaka, a kan raƙuma da jakuna, daga baya a motoci, Kano ake kai ta a loda wa jirgi zuwa Ikko. Abin ya dami Faransawa har a 1953 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle, suna tallafa wa motoci domin a karkatar da gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano, ko da yake hanyar ta fi nisa. Wato tun a wancan lokaci siyasa ce ke zaɓa wa manomi hanyar da amfaninsa zai bi. Af, ko hoton dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da shi, akwai abin da ba a cika faɗa ba a kansa. Dalar ta yi ta tsawo ne a wasu shekarun saboda jirgin ƙasa ya gaza kwashe gyaɗar a kan kari. Hoton albarkar noma ne, amma kuma hoton ƙarancin tarago ne.

Yanzu bari mu sauko kan wanda aka ce don shi ake yi. Mu ɗauki manomi ko mai kiwo a Hawandawaki, ƙaramar hukumar da ke gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, dab da iyakar Jihar Katsina. Abin da yankin ke fitarwa sananne ne: gero da wake da gyaɗa da riɗi da aya, sai awaki da tumaki da shanu. Abin da yake saye kuma yawanci daga kudu yake zuwa, kama daga masara da garin kwaki zuwa taki da kayan masarufi. Duk wanda ya dubi taswira zai ga wani abin mamaki. Tashar Maraɗi da ake ta magana a kanta ta yi wa mutumin Hawandawaki nisa, domin daga Tasawa ma zuwa Maraɗi ya haura kilomita 100. Tashar Daura ko ta Mashi ta fi kusa da shi nesa ba kusa ba. Ke nan jirgin da zai amfane shi a cikin Najeriya yake tsayawa, kuma kafin buhun wakensa ya ga tarago sai ya tsallaka iyaka a kan amalanke ko a-kori-kura, kamar dai yadda yake yi yau idan zai ci kasuwar Mai'aduwa. Mutumin Mayahi da ke can arewa, shi Maraɗi ce tasharsa, amma sai ya biya kuɗin mota mai tsoka kafin ya kai.

Wannan ya nuna amfanin dogon ga talakan wannan yanki bai rataya a kan ƙarfe ba kamar yadda ya rataya a kan halin da iyaka take ciki. Tarihin iyakar na 'yan shekarun nan kuwa ba mai kwantar da hankali ba ne. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020, wato gwamnatin da ta rufe ƙofa ita ce ta amince da kwangilar dogon tun ƙofar na rufe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawar da Shugaba Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyakar, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, har sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta hana fitar da hatsi, har da gero da dawa da wake, zuwa ƙasashen waje in ban da Mali da Burkina Faso. A Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. A watan Mayun 2025, gab da Babbar Sallah, aka hana fitar da dabbobi. Kowane ɗaya daga matakan nan akwai hujjar da masu shi suka bayar, wasu ma hujjojin ba a raina su, domin gwamnatin da ta ga farashin gero na neman gagarar talakanta dole ta yi wani abu. Amma a haɗa su wuri guda a tambaya: a cikin shekara shida, wata nawa ne ɗan kasuwa zai iya cika tarago 20 da wake ko raguna daga Maraɗi ya kai Kano ba tare da ya karya dokar ɗaya daga ƙasashen biyu ba?

Mai jaki da mai babur suna da hanyar daji idan an rufe ta hukuma, kowa ya san haka, iyakar da ta kusa kilomita 1,500 ba ta tsaruwa. Jirgin ƙasa ba shi da ɓarauniyar hanya. Ranar da aka rufe Magama da Ɗan Isa, ranar zai tsaya, bashin da aka ciwo don gina shi kuwa ba zai tsaya ba.

Sai kuma batun teku, wanda shi ne ginshiƙin hujjar Amaechi. Sabon layin mai faɗin ma'aunin zamani ne, milimita 1,435. Tsohon layin Turawa da ya haɗa Kano da Legas milimita 1,067 ne, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Layin zamani daga Legas ya tsaya a Ibadan, an buɗe shi a 2021. Na Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a 2016. Na Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, an ƙaddamar da aikinsa a Yulin 2021, shekarar 2025 ta ƙare ba a fara hawansa ba. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa babu layin zamani ko kaɗan. Ma'ana ko gobe aka gama na Maraɗi, kwantenar da aka sauke a Apapa ba za ta isa Nijar a kan tarago ɗaya ba. Sai dai a ɗora ta a tsohon layi mai tafiyar hawainiya, ko a tirela, a zo Kano a sauke a sake lodi. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a Janairun 2023, za ta iya yin wannan aiki, amma kowane saukewa da lodi kuɗi ne da lokaci, kuma Alhazan Maraɗi ba su yi suna wajen yin asara don kishin wata ƙasa ba. Lissafi za su yi.

Ba muna cewa aikin banza ba ne. Dama ma a buɗe take fiye da kowane lokaci. Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe tsawon 2024 da 2025, kayanta suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja, hanya mai tsawo da tsada da hatsari. Ƙasar da ke cikin wannan hali tana buƙatar ƙofa ta biyu. Habasha ma ba ta da teku, kuma layin da ya haɗa Adis Ababa da Jibuti, wanda ya fara jigilar kasuwanci a 2018, yana ɗaukar mata kaya. Layin Abijan zuwa Wagadugu, duk da tsufansa, ya daɗe yana kai mai da siminti arewa yana sauko da dabbobi da auduga. Abin da waɗannan suka fi mu da shi, bakinsu ɗaya yana cikin tashar jirgin ruwa, kuma ƙasashen sun zauna sun rubuta yadda za a gudanar da shi. A watan Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin Yusuf Tuggar ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, batun dogon na cikin abin da suka tattauna. Madalla. Sai dai jama'a suna da haƙƙin a faɗa musu dalla-dalla: wa zai tafiyar da jirgin a cikin ƙasar Nijar? A ina kwastan da duwan za su duba kaya, wuri ɗaya ko wuri biyu? Da Naira za a biya ko da Sefa? Idan gwamnatocin suka sake saɓawa, akwai yarjejeniyar da ta ce jirgin kaya zai ci gaba da wucewa? Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, mai hedikwata a Yamai, don irin wannan aka yi ta.

Akwai kuma tambayar da ta fi shafar ƙananan 'yan kasuwa. Jirgin kaya abokin mai kaya da yawa ne. Kamfanin siminti ko na taki zai iya ɗaukar jirgi sukutum, amma mai buhu 30 na aya fa? Idan ba a tanadi rumbunan tara kaya da ma'auni da wurin loda dabbobi da ruwan shan su a tashoshi irin su Daura da Mashi da Jibiya ba, aka kuma gyara hanyoyin da suka taso daga ƙauyukan bakin iyaka, to mutanen Hawandawaki da Korgom ƙarar jirgin kawai za su riƙa ji a labari. Ƙungiyoyin manoma da na dillalan dabbobi na ɓangarorin biyu ya kamata su fara wannan magana tun yanzu da ake gini, domin bayan an gama zuba kankare sauya fasalin tasha abu ne mai wuya. Direbobin manyan motoci da 'yan kamasho da masu lodi, waɗanda ke ci daga wannan hanya, su ma a saurare su, kada a wayi gari su zama abokan gabar jirgin.

Tsaro shi ne ya dawo da mu kan maganar hoto. Ba mu manta da harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ba, inda aka kashe mutane aka sace wasu da dama, jirgin ya shafe wata takwas bai yi aiki ba. Yankin Jibiya da dajin da ya miƙa zuwa Madarunfa ya sha fama da 'yan bindiga, tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwarara jihar Maraɗi. A irin wannan yanayi, jami'in tsaron da ya ga baƙo yana ɗaukar hoton gada ko tasha yana da dalilin tambayarsa, musamman da yake an san 'yan bindiga na da masu kai musu rahoto. Ba mu ce a bar kowa ya ɗauki hoton shingen soja ba. Amma abin da aka saba a iyakokinmu ya wuce tambaya. Duk wanda ya ɗaga waya kusa da shinge ya san abin da ka iya biyo baya, a ƙwace wayar, a goge hotuna, wani lokaci sai ya yi na goro kafin a sake shi. Sau da yawa ba sirrin ƙasa ake karewa ba, abin da ke wucewa daga hannun direba zuwa hannun mai kaki ne ba a so a gani.

Idan aka ɗauki wannan ɗabi'a aka ɗora wa layin dogo, to aikin na kusan Dala biliyan biyu zai zama babu mai ba da labarinsa sai wanda ya ci kwangila da wanda ya ba da ita. Su za su ce an kai kashi kaza cikin ɗari, su za su ce jirgi ya fara jigila, su kuma za su kawo hoton. A ganinmu ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da hukumomin jihar Maraɗi su fito fili su bayyana wuraren da aka hana ɗaukar hoto da dalilin hanin, sauran wuraren kuma a bar 'yan jarida da ɗalibai da mutanen gari su ɗauka. Kusan kowane matashi a Tasawa da Daura yana da waya mai kyamara a aljihu. Su ne za su fara ganin inda ruwa ya cinye ƙasan dogo da damina, su ne za su ga ɓarayin ƙarfe, matsalar da ta addabi tsofaffin layukan Najeriya, su ne kuma za su iya ƙirga jirage nawa suka wuce a mako.

Bayan haka, idan an fara jigila, hukumomin biyu su riƙa buga alƙaluma duk wata uku: tan nawa ya tafi Maraɗi, tan nawa ya dawo Kano, wane irin kaya ne, awa nawa jirgi ya yi a tsaye a iyaka. Kamfanin da ke kula da ramin Ingila da Faransa yana buga irin waɗannan alƙaluma a kai a kai, shi ya sa ma muka san jiragen kayansa sun gaza abin da aka yi hasashe. 'Yan majalisar da ke wakiltar Daura da Mashi da Jibiya a Abuja suna da ikon neman a sa wannan sharaɗi a rubuce kafin ranar bikin buɗewa, sarakuna da 'yan kasuwar Maraɗi da Tasawa kuma su nemi irinsa daga Yamai.